Kaurin tabarau ya hana ni sakewa cikin mutane

Assalamu alaikum. Ni malamar makaranta ce, shekaruna 27. Tun ina firamare nake sa tabarau saboda ba na gani daga nesa, lambar kuma ta yi ta hawa har ta kai -6.50 a idon dama da -7.00 a hagu. A takardar likita akwai CYL -1.00 da AXIS 180 a ido biyun, sai PD 62. Gilashin da nake sawa yanzu ya yi kauri ƙwarai, gefensa ya fito waje da firam, ya yi mini tabo a karan hanci, idanuna kuma sun zama 'yan mitsi-mitsi a cikinsa. Ɗalibai na yi da ni a bayan idona. A wurin taro cire shi nake yi in jefa a jaka, sai in yi ta wuce mutane ban gaishe su ba, har ana cewa ina da girman kai. Na je canji, na zaɓi wani babban firam da aka rubuta 54-18 a hannunsa, mai shagon ya ce ba abin da zai yi mini sai gilashi mai lamba 1.74, wanda ya fi sauran tsada nesa ba kusa ba. Yayana ne ya yi alkawarin biya, da ya ji kuɗin sai ya ce ado kawai nake nema tunda ganin ɗaya ne. Wata ƙawata kuma ta ce da ta sa siririn gilashi launi ta riƙa gani a gefen abubuwa, ta ce in ma zan saya in saya ta intanet. Na rasa maganar wa zan bi.

Wata 'yar'uwa

Wa alaikumus salam, 'yar'uwa. Abin da ya fi tsaya mini a rai cikin wasiƙarki shi ne cire tabarau da kike yi a cikin jama'a. Mai lamba -7.00 idan ya cire nasa, duk abin da ya wuce kamar santimita 14 daga fuskarsa ya fara dushewa. A haka kike sauka daga matakala, a haka kike tsallaka titi. Damuwar da ta kai mutum ga wannan ta wuce a kira ta son ado, kuma tana da magani. Sai dai maganin yana cikin firam ɗin da za ki zaɓa fiye da yadda yake cikin lambar da mai shago ya kira miki, shi ya sa zan daɗe a kan firam.

Da farko ki san abin da waɗannan lambobi suke nufi. Galibin gilashin tabarau na yanzu roba ce ta musamman, kuma kowace irin roba da gwargwadon yadda take lanƙwasa haske. Wannan gwargwado shi ne lambar da ake kira indeks: 1.50 ita ce ta gama-gari, sai 1.53, 1.59, 1.60, 1.67 da 1.74. Idan lambar ta hau, robar da ake bukata don a samar da ƙarfin da likita ya rubuta sai ta ragu, gilashin ya fito da siranta. Ƙarfin kansa bai canja ba. Gilashi mai -7.00 yana nan a -7.00 ko da wace roba aka yi shi, ba ya ƙara gani, ba ya warkar da ido, ba ya hana lamba hawa. A nan yayanki ya faɗi gaskiya.

Gilashin wanda ba ya gani daga nesa kamar kwano yake, tsakiya a lotse, baki a tashe. Tsakiyarsa da ke daidai ƙwayar idonki ba ta fi milimita ɗaya da rabi zuwa biyu ba, amma duk yadda aka matsa gefe kauri na ƙaruwa, kuma ba a hankali yake ƙaruwa ba: idan nisa daga tsakiya ya ninka sau biyu, ƙarin kaurin yakan ninka sau huɗu. Masu haɗa tabarau daga babban faifan gilashi suke yanko abin da zai shiga firam. Ƙaramin firam yana ɗaukar tsakiyar ne, a zubar da gefen mai kauri. Babban firam kuwa da gefen yake tafiya.

Duba firam ɗin da kika zaɓa. Lamba 54 faɗin ramin gilashi ɗaya ce a milimita, 18 kuma tazarar da ke tsakanin ramukan biyu a kan hanci. Idan kika haɗa su kin sami 72, wato nisan da ke tsakanin tsakiyar ramin dama da tsakiyar ramin hagu. Ke kuma tazarar ƙwayoyin idanunki, wadda aka rubuta PD, 62 ce. Bambancin milimita 10 ne, biyar a kowane ido. Dole mai haɗawa ya jawo tsakiyar kowane gilashi milimita 5 zuwa wajen hanci don ta zo daidai idonki, sai gefen da ke wajen kunne ya yi nisan milimita 32 daga tsakiya. A wannan nisa, gilashin idonki na hagu zai kai kusan milimita 9 a gefe idan 1.50 ne, kusan 7.5 idan 1.60 ne, kusan 6.8 a 1.67, sannan kusan 6.3 a 1.74 ɗin da aka ce ki saya.

Yanzu a ce kin ɗauki firam mai 48-18. Jimilla 66, bambanci da PD ɗinki milimita 4, biyu a kowane ido, gefen waje kuma ya dawo milimita 26 daga tsakiya. A nan 1.60 zai ba ki kusan milimita 5.4, 1.67 kusan 5, 1.74 kuma kusan 4.7. Ƙiyasi ne, zai ɗan motsa gwargwadon kamfani da siffar firam, amma abin da yake nunawa ba zai motsa ba: gilashin 1.60 a ƙaramin firam ya fi gilashin 1.74 a babban firam siranta. Kuma a ƙaramin firam ɗin, abin da ke tsakanin 1.67 da 1.74 bai kai rabin milimita ba. Wanda ke tsaye gabanki ba zai ga wannan bambanci ba, ke ma da ƙyar za ki gane shi da yatsa.

Na san babban firam ne ya kwanta miki, kuma rabuwa da shi zai ɗan yi miki ciwo. Amma ki gwada nemo wanda jimillar lambobinsa biyu ba ta wuce 64 zuwa 66 ba, mai zagayayyen rami ko mai siffar ƙwai, domin kusurwar firam mai murabba'i ita ce mafi nisa daga tsakiya, can kauri ke taruwa. Idan kin sa shi, ƙwayar idonki ta zauna kusan tsakiyar ramin. Ki kula da tsayi ma. CYL ƙarin ƙarfi ne da ake sa wa gilashi ta fuska ɗaya kawai, AXIS 180 da ke takardarki kuma yana nufin ƙarin ƙarfin CYL ɗin a sama da ƙasa yake bayyana, ta wannan fuska idonki na hagu -8.00 ne, don haka firam mai dogon rami zai tara miki kauri a ƙasa. Firam na roba mai cikakken baki da ɗan jiki yana haɗiye milimita uku zuwa huɗu na gefen gilashi, abin da siririn ƙarfe ba zai iya ba. Wanda ba shi da baki sam, ko mai rabin baki da zare a ƙasa, ki bar shi, yana barin dukkan kaurin a fili. Idan kin sami na roba mai 'yan matasai biyu a kan hanci waɗanda ake iya lanƙwasawa, kin dace, zan faɗa miki amfaninsu a gaba. Tunda ba kya ganin madubi sosai idan kin cire naki, ki sa a ɗauke ki hoto da kowane firam, ki mayar da tabaranki ki duba a natse.

Maganar ƙawarki kuwa tana da tushe. Kowace roba tana ɗan warwatsa farin haske zuwa launuka, musamman idan aka kalli abu ta gefen gilashi, sai a ga siririn layi shuɗi ko rawaya a bakin allo ko bakin taga. Ana auna wannan da ma'aunin Abbe, sunan wani masanin Jamus, kuma lamba mai girma ita ce mai kyau. Roba 1.50 tana da kusan 58, 1.60 kusan 41, 1.67 da 1.74 suna wajen 32 zuwa 33, polikabonet mai 1.59 kuma kusan 30. Gwargwadon ƙarfin gilashi da nisan da ido ya kauce daga tsakiya, gwargwadon yadda launin ke fitowa, abin da ya sake nuna amfanin ƙaramin firam. Mutane da yawa ba sa lura da shi ko kaɗan, wasu su lura su saba cikin 'yan kwanaki, kaɗan ne ba sa jurewa. Idan kin san idonki mai saurin damuwa ne, 1.60 ya fi sauran sirara tsabtar gani.

Bayan launi, abu na biyu da ke tare da siririn gilashi shi ne ƙyalli. Gilashin 1.50 yana mayar da kusan kashi 8 cikin 100 na hasken da ya sauka a kansa, 1.67 kusan kashi 12, 1.74 kusan kashi 14. Wannan haske shi ke hana mutane ganin idonki, shi ke damunki da fitilun motoci da dare, shi kuma ke ƙara fito da zobban nan farare da ake gani a gefen gilashi mai ƙarfi. Saboda haka siririn gilashi ba ya tafiya sai da shafin hana ƙyalli, wanda masu shago ke kira AR. Idan kuɗi suka tilasta zaɓi tsakanin 1.74 mai shafi mara inganci da 1.67 mai shafi nagari, ki ɗauki na biyun ba tare da jinkiri ba. Na uku nauyi ne: robar 1.74 ta fi ta 1.60 nauyi da sama da kashi 10 cikin 100 idan aka yanko gutsure masu girma ɗaya, don haka ragin nauyin da ake samu bai kai ragin kauri ba. Tabon hancinki ƙaramin firam da gyaran matasai ne za su fi kawar da shi. Akwai kuma gilashin ƙwarai mai 1.8 da 1.9, ya fi kowace roba siranta, amma yana da nauyi sosai kuma yana tarwatsewa idan ya faɗi, ba na so miki shi a gaban aji.

Ga abin da nake ganin ya dace da ke: gilashin 1.67, samfurin asferik, da shafin hana ƙyalli da na hana karcewa, a firam mai kusan 48. Asferik yana nufin an sassauta lanƙwasar fuskar gilashin daga tsakiya zuwa gefe, sai ya ƙara ɗan siranta, ya rage yadda layuka ke karkacewa idan kin kalli gefe. Idan kuɗin ya yi yawa, 1.60 a firam ɗin nan zai fi wanda ke fuskarki yanzu ƙwarai. Shi 1.74 yakan fara biyan kuɗinsa ne daga wajen -8.00 zuwa sama, ko idan faɗin fuskar mutum ya hana shi sa ƙaramin firam. Polikabonet da wata robar da ake kira Trivex ƙarfinsu na jure bugu ne, su ake ba yara da masu wasanni da wanda ido ɗaya ya rage masa, ba don siranta ake zaɓarsu ba. Mai lambar da ke farawa da alamar + kuwa, nasa kaurin a tsakiya yake, shi ma ƙaramin firam da asferik ne suka fi taimakonsa.

Akwai abin da ba zan ɓoye miki ba. Ƙanƙantar da idanunki ke yi a bayan gilashi daga ƙarfin -7.00 take zuwa da kuma tazarar da ke tsakanin gilashin da idonki, ba daga kauri ba. A ƙarfinki idon yakan ragu da kusan kashi 10 cikin 100, kuma 1.74 ba zai dawo da shi ba. Abin da ke ragewa shi ne gilashin ya zauna kusa da ido, kamar milimita 12, muddin gashin ido bai taɓa shi ba. A nan matasan hanci suke da amfani, ana matse su ko a buɗa su har a sami zaman da ya dace. Wannan tazara tana shafar gani ma: da zarar lamba ta wuce 4.00, tabarau da ke zamewa ƙasan hanci ba ya ba da ƙarfin da aka rubuta. Ƙaramin firam kuma yana rage lotsawar da gefen fuska ke yi idan an kalle ki ta cikin gilashi.

Mai shagon bai yi miki ƙarya ba. A firam mai 54, 1.74 ne zai fi siranta. Inda ya gaza shi ne bai ce miki firam ɗin ne matsalar ba, wataƙila don ya ga ranki ya kwanta da shi, wataƙila don ribar mai tsada ta fi. Ki koma wurinsa, ko ki je wurin wani, da buƙatu bayyanannu. Ki ce ya lissafa miki kaurin gefe na 1.60 da 1.67 da 1.74 a firam biyu, babba da ƙarami. Yawancin masu haɗa gilashi suna da manhajar da ke fitar da wannan. Ki ce a auna PD na kowane ido daban, domin hanci ba safai yake tsakiya cif ba, sannan a sa miki firam ɗin, a gyara zamansa, a ɗiga alama daidai ƙwayar idonki don a san tsayin da tsakiyar gilashin za ta zauna. Ki ce kada a goge gefen gilashin har ya yi sheƙi, a bar shi dusu-dusu, domin gefe mai sheƙi yana shigo da haske ya ƙara zobban nan. Ki tambayi tsawon garantin shafin, da ko za su sake yi idan kin kasa sabawa, kuma a rubuta miki indeks da irin shafin a rasit.

Wannan awo shi ne dalilin da ya sa ba na ba ki shawarar sayen intanet. Mai lamba -1.00 zai iya jure kuskuren milimita biyu bai ji komai ba. A -7.00 kuskuren milimita biyu yana karkatar da hoton da ke shiga ido, tsokar ido ta yi ta faman haɗa hotuna biyu, sakamakon ciwon kai ne da jan ido da ganin abu biyu-biyu idan an gaji. Kuskuren sama da ƙasa ya fi na gefe wahalar jurewa. Wanda bai ga firam a fuskarki ba ba shi da hanyar auna wannan daidai.

Shi kuwa yayanki, mutumin da ya ɗauki nauyin biya yana da hakkin ya san abin da kuɗinsa za su saya, kuma ina zaton bai san kina cire tabarau a hanya ba. Ki same shi a natse ki fara da inda ya yi daidai. Ki ce masa, Yaya, gaskiyarka ganin ɗaya ne, na kuma bincika na gano ba sai mafi tsadar ba. Sannan ki nuna masa tabon hancinki, ki faɗa masa nauyin da kike ɗauka tun safe har dare, da abin da ke faruwa a aji da wurin taro. Ki kai masa lissafin kauri da kuɗin zaɓi biyu a rubuce. Idan abin da ya ware ya tsaya a 1.60, ki karɓa da godiya, ko ki cika ragowar da kanki zuwa 1.67. In da hali ku je shagon tare, ya riƙe samfuran a hannunsa.

Ranar karɓa kada ki yi gaggawar fita. Ki sa a duba ƙarfin gilashin a na'ura a gabanki a gwada da takardar likita. Ki rufe ido ɗaya ki karanta rubutu daga nesa, ki sauya, ki kalli bakin ƙofa ko ya miƙe, ki ɗan taka ki ji ƙasa. Sabon gilashi mai lanƙwasa daban yakan sa ƙasa ta yi kamar ta karkace na 'yan kwanaki. Ki sa shi tun safe kullum, kada ki riƙa komawa tsohon. Idan mako biyu suka wuce da ciwon kai ko jiri, ki mayar a sake awo, kada kowa ya ce miki ki ƙara haƙuri. Shafin hana ƙyalli kuma ba ya shiri da zafi: ruwan zafi, tururi, ko barin tabarau a mota cikin rana suna sa shi tsattsagewa, kuma ba a gyara shi sai dai a sake gilashi. Ki wanke da ruwa mai sanyi da ɗigon sabulun ruwa, ki goge da ƙyallensa mai laushi. Goge shi a bushe da gefen tufafi yana jan ƙura a kansa ya karce.

Idan akwai ranakun da kike son fuskarki ba tabarau, ki tambayi likita game da ɗan gilashin da ake ɗorawa a kan ƙwayar ido. Da shi idanunki za su fito da girmansu. Lambarsa daban ce, -7.00 na tabarau yakan dawo kusan -6.50, kuma saboda CYL ɗinki irin na musamman za a auna miki. Ba a kwana da shi, ba a wanke shi da ruwan famfo, ba a taɓa shi da hannun da ba a wanke ba, kuma duk da shi sai kin ajiye tabarau mai kyau. Aikin leza, wato gyaran ido da haske na musamman a asibiti, ma hanya ce ga wasu, idan lamba ta tsaya cik aƙalla shekara guda kuma awo ya nuna fatar gaban ido tana da isasshen kauri, hukuncin wannan na likita ne bayan gwaji.

Kin ce lambarki ta yi ta hawa. Idan takardar ta wuce shekara, ki sake awo kafin a yanka gilashi mai tsada. Kuma daga -6.00 zuwa sama idon yakan fi na sauran mutane tsawo daga gaba zuwa baya, tantanin gani da ke can ciki ya miƙe ya yi siriri, haɗarin yagewarsa ko ɓallewarsa ya ƙaru. Siririn gilashi ko aikin leza ba sa rage wannan haɗari. Ki riƙa zuwa likitan ido sau ɗaya a shekara ya ɗiga miki maganin buɗe ƙwayar ido ya duba ciki, ya auna hawan ruwan ido. Idan kika ga walƙiya a gefen ido, ko baƙaƙen ɗige-ɗige masu yawa sun bayyana farat ɗaya, ko wata inuwa ta fara rufe wani sashe na ganinki, ki je asibitin ido a ranar, ko da ba kya jin ciwo.